Dokas, Mai Koyar da Ɓarna

Faɗa ne ya haɗa ni da Dokas, kuma a kan hayaƙi. Ina zaune gaban tandata a bakin wani layin shaguna na Sabon Gari a nan Keffi, inda nake suyar masa tun layin bai san siminti ba, sai ga wata doguwar mace da ɗaurin ɗankwali irin na mai shirin zuwa gona ta fito daga shagon da aka kama sabo a bayana, ta tsaya a kaina.

"Mama, hayaƙinka yana shiga mini shago. Zai kashe mini kwamfuta."

Na dube ta tun daga sama har ƙasa. Na ce, "Da farko dai hayaƙinki ake cewa, ni ba gardi ba ce. Na biyu, injin da hayaƙin masa zai kashe, dama can ba mai nisan kwana ba ne. Nan kika tarar da ni, nan za ki bar ni."

Ta ce ko zan matsa gaba kaɗan. Na ce ko ita za ta matsa da shagon baya kaɗan. 'Yan acaɓa da ke jiran masa suka kwashe da dariya, ni kuwa na gyara zama ina jiran zagi, don na tanadi nawa. Sai kawai ta juya ta shige. Washegari kafinta ya zo ya fasa mata taga ta baya, ta rataya labule mai kauri a ƙofa, sannan ta fito ta sayi masa, ta ci a tsaye, ta ce sikari ya yi kaɗan. Tun ranar na san na gamu da gamona.

'Yar ƙabilar Mada ce, daga wani ƙauye ta wajen Akwanga. Hausarta ta miƙe tuni, har tana gyara wa wasu. Ubanta manomin doya ne, ya kai ta sakandare ƙarfinsa ya ƙare, sai aka kawo ta Keffi wurin wata ƙanwar uwarta, aka samo mata aiki a wani shagon fotokwafi. Mai shagon yana da kwamfuta guda, ya lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya. Aikin Dokas shara da goge ƙura, kuma an ja mata kunne: ta goge gefe, kada yatsanta ya kusanci madannan. Wata rana mai shagon ya fita ya bar injin a kunne. Tana cikin goge tebur tsummanta ya taɓa wani abu, ko kuma bai taɓa komai ba, fuskar kwamfutar dai ta yi baƙi ƙirin. Yarinya ta ajiye tsumma, ta bi ta lungu, ta gudu. Ko albashinta ba ta koma karɓa ba. Ta daɗe tana zagaye wannan titin, in ta hango mota irin ta mai shagon sai ta faɗa kowane gida ne kusa. Sai bayan an daɗe, tana ba wata ƙawarta ɗaliba labari, ƙawar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai barci injin ya yi, da ta motsa shi da ya farka.

Dokas ta ce mini ita ba ta yi dariya ba. Ta zauna tana tunanin aikin da ta rasa da kunyar da ta sha saboda abin da bai ma lalace ba, sai zuciyarta ta tafasa. Daga nan ta kama sayar da katin waya, ɗan abin da ta samu ta kai shagon intanet ta zauna tana danne-danne ita kaɗai, tana ɓatawa tana gyarawa, har ta iya abin da masu digiri ke zuwa ta yi musu.

Aikinta biyu ne. Na ɗaya, gina wa mutane abin da suke kira shafin intanet. Yadda na fahimta, shago ne da ba ya kan ƙasa, ba shi da ƙyaure balle kwado, ba a rufe shi ko ranar Sallah ko Kirsimeti. Mutum yana Legas zai ciro waya ya leƙa ya ga kayanka. Ta gina wa tela, ta gina wa mai makarantar yara, ta gina wa wani masaukin baƙi. Na taɓa kai mata masa na ga bayan abin. Rubutu ne cunkus kamar jerin tururuwa, tamkar ka juya hular ɗinki ka ga zaren ciki. Ta taɓa tururuwa guda, ta juya gaba, sai na ga ja ya koma kore. Na ce Allah mai iko, na ajiye kwano na fita, don abin ya fi ƙarfin tsayuwa.

Na biyu shi ne koyarwa, kuma nan ne sunanta ya fita. Yaran yanzu ba sa bukatarta, da waya a hannu ake haifarsu. Nata ɗaliban manya ne: malaman firamare, matan kasuwa, wani fasto, wani mai sayar da taki. Mutanen da in sun zauna gaban injin sai su ɓoye hannuwa a cinya kamar an kawo su gaban alƙali. Ta san wannan zaman, ta yi shi. Saboda haka da zarar mutum ya iya riƙe abin nan mai wutsiya da suke ce wa maus, wai ɓera ke nan da Turanci, sai ta buɗe masa wani aikinta mai kyau, ta ce, "Ɓata shi."

Ana kallonta.

"Goge shi duka. Kada ka bar ko ɗigo."

Na sha jin wannan ta bayan labule. Wata ta ce ita ba da ita ba, wani ya ce a bar shi ya je ya yi shawara da iyali. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma sassautawa. In mutum ya rufe ido ya goge, fuskar injin ta yi fari fat, sai ta bar shi ya ɗan sha wannan farin, sannan ta ɗora yatsunsa biyu a kan madannai biyu ta ce ya danna. Aikin ya dawo cif, ko wasali bai ɓace ba. Ni da na tashi ina jin cewa magana zarar bunu ce, ruwa in ya zube ba ya kwasuwa, ranar da na fara ganin haka da idona sai da na taɓa tebur ɗin na ji ko da gaske yana nan. Tun da nake ban taɓa ganin abin da ake zubarwa a kwashe tas ba sai a shagon yarinyar nan. Daga wannan darasi hannun mutum ke fitowa daga cinya. 'Yan layi suka sa mata Mai Koyar da Ɓarna, ta ce sunan ya yi mata.

Ana haka, cikin wata damina, sai Malam Zulkifilu ya zo.

Ɗan unguwarmu ne, wato unguwar Liman Abaji. Na san uwarsa Humaira, Allah ya ji ƙanta, na ci tuwon sunansa. Ma'aikacin rajista ne a wata ma'aikata a Abuja, wato mai kula da fayil-fayil, yana cikin mutanen nan da ke barin Keffi bayan asuba su dawo da magariba. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan zirga-zirga, farar riga kullum a goge, biro a aljihu. Ba ta gabana ya wuce ba. Ta lungun baya ya bi, ya tsallaka kwata, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ake fitar da shara. Ni kuwa takalminsa na gane ta ƙarƙashin labule.

Ya gaishe da Dokas kamar ya zo gaban babban sakatare, sannan ya ce wani abokinsa ne ke da matsala.

Ta ce, "To Baba, abokin nan naka ya zauna mana, ga kujera."

Ya zauna. Abin da ke tafe da shi ke nan. Jarrabawar ƙarin girma yanzu a kwamfuta ake yin ta. Ya shiga sau biyu ya faɗi. Baɗi zai yi ritaya, wannan ta bana ita ce ta ƙarshe gare shi. In ya sake faɗuwa, zai bar aiki a kan kujerar da ya daɗe a kanta, alhali yaran da ya koya wa ɗaure fayil su ne yanzu yake ce wa yallaɓai. A gida kuwa ya ce ba a fitar da sakamako ba tukuna, kuma matarsa ta daina tambaya, abin da ya fi tambayar ciwo.

Dokas ta yi masa 'yan tambayoyi daga irin na jarrabawar. Ya amsa su kamar yana karanta Fatiha. Ta ce to me ya kayar da shi?

Ya ce lokaci ne ke ƙarewa. Ta ce yaya aka yi? Sai ya gyara hula ya yi mata bayani. Ranar da ya fara aiki, tsohon shugabansa ya ce masa takardar gwamnati ba a goge ta, ba a kankare ta. In ka yi kuskure sai ka ja layi a kai, ka sa hannu a gefe, kuskuren ya zauna da sunanka har gara ta cinye fayil ɗin. Don haka ya horar da kansa: ba ya ɗora biro sai ya tabbata, ya sake tabbata. Duk fayil ɗin da ya bi ta hannunsa babu jan layi ko ɗaya, kowa a ma'aikatar ya san haka. To a ɗakin jarrabawa, amsa tana gabansa, ya san ita ce, yatsansa na kan ɓeran, amma dannawa a wurinsa sa hannu ce. Sai ya sake karanta tambayar. Ya sake. Kafin ya amsa kaɗan, injin ya rufe kansa.

"Ba wanda ya gaya maka ana iya canja amsa?"

"An faɗa. Amma Malama, abin gwamnati?"

Ya riƙa zuwa ranakun Asabar, da yamma kuma in motarsu ta dawo daga Abuja da wuri, kullum ta lungu. Ya iya riƙe ɓera. Ya iya buɗe abu da rufe shi. Darasin da ya fi so shi ne na adanawa, wato madannai biyun da ake dannawa injin ya ajiye aiki yadda aka bar shi. Wannan kam ya shige shi kamar ruwa a yashi, don mutumin rajista ne, duk abin da ya gama sai ya kai ma'ajiya. Amma ɓarna ta gagara. Sau nawa tana buɗe masa aiki yana duba agogo yana cewa la'asar ta yi.

Ranar da abin ya faru, Asabar ce da rana, jarrabawa saura mako biyu. Hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kwasar ledoji, na tura tandata ƙarƙashin rumfa na shige shagon na fake. Malam Zulkifilu ya gan ni ya yi kamar ƙasa ta tsage.

Na ce, "Zulki, sauke kafaɗa. Takalminka ya daɗe da gaishe ni."

Dokas ta buɗe masa aiki ta ce yau ba agogo, ta ma juya shi ya kalli bango. Ya sa tabarau, ya leƙa fuskar injin, ya daɗe. Sannan ya yi tambayar da duk ɗalibanta ba wanda ya taɓa yi.

"Malama, wannan na asali ne ko kwafi?"

Ba ta iya ƙarya ba, wannan na daga cikin abin da ke ba ni haushi da ita. Ta ce, "Kwafi ne, Baba."

Ya cire tabarau, har da ɗan murmushi. "To ai ɓata kwafi ba ɓarna ba ce. Mu a ofis masu gyaɗa muke ba wa su yi ƙunshi."

Dokas ta dube shi, ta san ya kama ta, ta kuma san gaskiyarsa. In ya goge kwafi, tsoronsa na nan inda yake, zai ɗauke shi ya kai ɗakin jarrabawa a karo na uku. A cikin injin akwai aikin Alhaji Abdulrahman na Gangaren Tudu, dillalin riɗi, wanda wasu masu saye daga Legas suka ce ba za su yi ciniki da shi ba sai sun ga shafinsa. Mako guda tana kansa, ranar Litinin za ta miƙa. Kwafin da take da shi na farkon aiki ne, ƙashi ba nama. Ta so ta yi sabon kwafi kafin ta ba shi, amma idonsa na kan yatsunta, kuma da ta yi, abin ya sake zama na masu gyaɗa. Sai ta buɗe shi haka nan, ta juya masa jerin tururuwan, ta ture kujerarta baya.

"Ga na asali. Na Alhaji Abdulrahman ne, ka san shi. Goge."

"Subhanallahi. Malama, amanar mutane ce."

"Amanata ce, ni na ba ka. Goge."

Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, ga iska na kaɗa labule. Ya yi bisimilla a hankali. Ya lulluɓe rubutun duka yadda ta koya masa, ya ɗaga yatsa, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya danna. Fari fat.

Dokas ta buɗe baki za ta ce ya kawo yatsunsa biyu. Kafin ta furta, yatsun sun riga sun tafi da kansu, amma ba inda take nufi ba. Mutumin rajista ya gama aiki, sai ya kai ma'ajiya. Ya adana farin.

Ko da haka, in ji ta daga baya, da zai dawo, muddin injin bai mutu ba. To kun san halin wutarmu, hadari take jira. Kafin kowa ya yi motsi fanka ta tsaya, fuskar injin ta mutu, ɗakin ya yi duhu. Batirin da ke riƙe mata wuta kuwa yana wurin mai gyara tun Alhamis.

Ruwa ya kece. Dokas ta fita cikinsa ta ja janareta, ta dawo a jiƙe, ta kunna injin, ta buɗe aikin. Fari. Ta danna madannan nan biyu masu maido da abu. Fari. Ta leƙa nan, ta leƙa can, yatsunta na gudu, sannan suka tsaya.

Malam Zulkifilu ya ce, "Ya dawo?"

Ni da na san bakina, na riga na ƙera mata ƙarya mai kyau ina jira ta ɗauka: ta ce sai gobe yake dawowa, ta sallame shi, ta yi kukanta ita kaɗai. Har ina yi mata alama da ido. Ba ta dube ni ba.

"Bai dawo ba, Baba. Wannan ya tafi."

Ya miƙe yana laluben hularsa alhali tana kansa. Ya ce dama ya faɗa. Ya ce shi ba na wannan zamanin ba ne, a yafe masa, zai je wurin Alhaji da kansa, jarrabawar ma ya haƙura da ita. Ya nufi ƙofar shara.

"Baba, dawo ka zauna."

Yadda ta faɗe shi, ni ma da ke tsaye sai da na nemi benci. Ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta, aikin mako guda ya bi iska, ga mai riɗi na jiran Litinin, amma muryarta kamar mai tambayar farashin albasa.

"Abin da kake tsoro shekara talatin, yau ya faru. Ba kwafi ba, na asali, ka ɓata shi da hannunka, kuma bai gyaru ba. To duba sama. Rufin ya faɗo?"

Ya duba sama, wallahi ya duba.

"An zo kama ka? Mama ta suma?"

Na ce, "Ni? Uwarka Humaira ta bar tuwon sunanka ya kama, har maƙwabta suka ji ƙauri, ga ka nan da furfura."

Wata irin dariya ta kuɓuce masa, rabinta kuka. Ya zauna.

Dokas ta ce, "Ni na buɗe maka, ni ban ajiye kwafi ba, ni zan je wurin Alhaji. Amma kai ka rushe, da kai za a gina. Ni zan yi tururuwan, kai za ka buga duk bayanin riɗin nan da Turancinka na ofis. Yau za mu fara."

Da ruwa ya tsagaita ta hau acaɓa zuwa Gangaren Tudu. Ta gaya wa Alhaji aikin ya lalace a hannunta, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ya yi faɗa, ya ce dama an ce masa ya kai wa yaran Abuja. Ta ce yana da iko. Ya juya carbi, ya juya, ya ce Juma'a, in ta wuce Juma'a kada ta gaishe shi a hanya.

Malam Zulkifilu ya ɗauki hutun 'yan kwanaki a ofis. In na zo hura wuta da safe sai in tarar da takalminsa. Da yatsa biyu yake bugawa, kamar kaza na tsattsagar tsaba. Ina kai musu masa ranar farko ya yi kuskurensa na farko, harafi ya faɗa inda ba gidansa ba. Ya daskare. Ya waiwayi Dokas, ita kuwa ta manna ido a kan nata injin kamar ba ta san da shi a duniya ba. Ya daɗe yana kallon harafin. Sannan ya kai yatsu biyu kan madannan nan masu maido da abu, ya danna. Harafin ya ɓace, ba layi, ba sa hannu, ba tabo.

Ya ce a hankali, "Ikon Allah."

Ya sake rubuta kuskuren da gangan, ya sake maido shi. Na gan shi da idona, dattijo mai jikoki yana wasa kamar ɗan yaye da murfin kwano. Kafin Laraba ya daina salati in ya yi kuskure. Ranar Alhamis har na ji yana gardama da ita wai a sake jerin maganar, farin riɗi ya kamata ya zo gaba, ya goge sakin layi guda ya sake shi ba tare da ya nemi izini ba. Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci Alhaji Abdulrahman ya zo, ya ga buhunansa da sunansa a cikin wayarsa, ya shafa gemu, ya ce a ƙara girman hotonsa.

Ranar jarrabawa tun safe Dokas ba ta da sukuni. Ta share shago sau ba adadi, ta sayi masa ta manta ta a kan benci. Ni ma na ƙona kasko guda, na ce itacen ne ɗanye. Bayan la'asar sai ga shi ya sauko daga keke mai ƙafa uku, ya zo ya tsaya tsakanina da ƙofarta, bai bi lungu ba.

Ta ce, "Yaya, Baba?"

"Na amsa duka." Sai ya yi ƙasa da murya kamar mai faɗin abin kunya. "Har na koma baya na canja wasu. Akwai wadda na canja, na sake mayar da ita yadda take."

"Injin ya ce ka sa hannu a gefe?"

"Bai ce ba."

Sakamako bai fito ba sai da aka fara cin sabuwar doya har aka gaji. Ranar da ya fito, da rana tsaka ya zo, cikin babbar riga, ya ɗage labulen gaba da hannunsa. A bayansa ga wasu dattawa biyu masu fararen riguna da biro a aljihu, suna ɓoye hannuwa. Ya ce wa Dokas an ƙara masa girma, ya faɗe shi a taƙaice kamar yana karanta sanarwa, amma hularsa har ta karkace. Sannan ya nuna mutanen ya ce abokansa ne, suna da matsala.

Ta ce, "Abokan nan naka dai ba sa ƙarewa."

Ba su ƙare ba kuwa. Wannan ya kawo wancan, motar asuba ta zama kamar tallarta ake yi a ciki. Har ya zamana ranar Asabar dattawa na zaune a bencina suna jiran layi, suna cin masa suna tambayar juna ko an kai su darasin ɓarna. Shagon ya yi mata kaɗan. Ta sami wani mai ɗaki biyu a bene, can bakin babban titi, Malam Zulkifilu kuma ya ce in ya yi ritaya zai riƙa zama da sababbin zuwa, don ya san inda ke yi musu ƙaiƙayi.

Ranar tashi aka kwashe injinan a a-kori-kura, an naɗe su da barguna. Ta cire labulen nan mai kauri, ya yi baƙi da hayaƙina, ta ninke ta ce da shi za ta tafi. Ta zo ta tsuguna gaban tanda, ta ce in zo ko sau ɗaya in ɓata wani abu kafin a ɗauke na ƙarshe, shekara da shekaru ina leƙe ban taɓa dannawa ba. Na ce hannuna da mai. Ta ce can sama babu hayaƙi, injinanta za su huta.

Na zuba mata masa a leda, na ƙara sikari, na ɗaure. Na ce, "Ki dai nemi mai suya ta zauna miki a gindin benen. Duk abin da injinan nan suka iya, da hayaƙina suka iya shi."